Lebura, yaron shago da 'yar aiki: wa dokar diyya ta sani a matsayin ma'aikaci?

Duk lokacin da inji ya datse wa mutum yatsu a masana'anta, ko lebura ya faɗo daga saman gini, ko yaron mota ya karye wajen sauke kaya, akwai maganar da kan riga zancen asibiti fitowa daga bakin masu wurin: ai ba ma'aikacinmu ba ne. Wani lokaci a ce ɗan kashuwal ne, wato na wucin gadi, wani lokaci a ce ɗan kwangila ne ya zo da shi, wani lokaci kuma a ce yaro ne da ake taimaka wa da koyon sana'a. Sai a biya kuɗin ɗinki da allura, a ɗan damƙa masa wani abu, dangi su ce ƙaddara ce, magana ta mutu. Ƙaddara ce kam, babu mai musu. Amma yarda da ƙaddara ba ta soke haƙƙi, kuma a Najeriya akwai dokar da ta yi bayanin wannan haƙƙi dalla-dalla, har ta faɗi waɗanda ya shafa. Idan mutum ya karanta ta, zai ga mafi yawan waɗanda ake kora da waccan magana suna ciki.

Dokar ita ce ta biyan diyya ga ma'aikata, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disambar 2010. Ta maye gurbin wata ta zamanin soja, ta 1987. A tsohon tsari, wanda ya ɗauke ka aiki shi zai biya ka, daga aljihunsa ko ta hannun kamfanin inshorarsa. In rai aka rasa, iyali su karɓi albashin wata 42 a dunƙule, a rabu. Tun da kuɗin daga jikinsa za su fita, ubangida na da dalilin da zai ce bai san ka ba. Sabuwar dokar ta sauya wannan. Duk mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata cikin asusu guda, wanda hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, NSITF, ke riƙe da shi. Daga asusun ake biyan wanda ya ji rauni, da wanda aiki ya jawo wa cuta, da iyalin wanda ya rasu. Ba sai an tabbatar da cewa sakacin ubangida ne ya jawo hatsarin ba. An hana cire wannan kashi 1 daga albashin ma'aikaci, kuma ko an sa shi ya rattaba hannu cewa ya yafe diyya, takardar ba ta da ƙarfi a gaban doka. Abin da aka tanada ma ba kaɗan ba ne. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Matar da mijinta ya rasu a bakin aiki ya bar ta da 'ya'ya biyu ko fiye ita ma kashi 90, mai ɗa ɗaya kashi 85.

To wa ke da wannan rabo? Amsar na sashe na 73. Ma'aikaci, in ji sashen, shi ne duk wanda wani ya ɗauka aiki bisa yarjejeniya, ta baka ce ko a rubuce, aikin na dindindin ne, ko na 'yan sa'o'i, ko na wucin gadi, ko na koyon sana'a, ko na rana ɗaya-ɗaya. Ya haɗa da mai aikin gida matuƙar ba ɗan gidan ba ne. Ya haɗa da ma'aikatan tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, da masu aiki a wuraren da ke da rajista da waɗanda ba su da ita. Wanda kawai dokar ta cire ƙarara shi ne soja mai kaki. Farar hular da ke aiki a barikin ma yana ciki.

Abin da ya fi muhimmanci a jerin nan shi ne yarjejeniyar baka. Mutumin da ya tsaya bakin titi da sassafe riƙe da shebur da kwanon kankare, mota ta tsaya aka ce ya hau, aka yanka masa kuɗin yini, an ƙulla yarjejeniyar aiki da shi a wannan minti. Ba ya bukatar takardar ɗaukar aiki, ko katin shaida, ko sunansa a kwamfuta. Shi ma mai ɗaukar aikin ba sai kamfani ba. Mutum ɗaya tak, mai gidan burodi ko mai injin niƙa ko mai gareji, yana cikin waɗanda dokar ta ɗora wa nauyi, kuma ba ta ce sai yana da ma'aikata kaza ba.

Dalilin da ya sa mutane da yawa, har da masu ilimi, ke zaton ba haka abin yake ba, shi ne sauran dokokin aiki sun fi wannan ƙunci, sai ake auna ta da ma'auninsu. Dokar Ƙwadago ta 1974 masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis kawai take kira ma'aikata. Manaja da injiniya da likita ba sa cikin lissafinta. Dokar mafi ƙarancin albashi kuwa ba ta hawa kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ta ware masu aikin kamasho da masu ƙwadagon gona na damina. Ita kanta tsohuwar dokar diyya ta cire ma'aikatan ƙananan gonaki da na ƙananan masu sana'ar hannu. Ta 2010 ta share duk waɗannan shingaye. A ganina wannan na daga cikin abubuwa mafi kyau da majalisa ta rubuta a fagen ƙwadago, kuma abin takaici ne yadda waɗanda aka rubuta dominsu ba su san da shi ba.

Sai dai akwai iyaka ɗaya da dokar ta bari, kuma a kanta ake yawancin shari'a. Dole ya zama aiki aka ɗauke ka, ba aikinka aka saya ba. Wannan rabe-rabe ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu a babin ijara sun daɗe da raba ɗan ƙwadago gida biyu. Akwai wanda ka ɗauka ya keɓanta da kai na wani lokaci, kamar makiyayin da ke kiwon dabbobinka kai kaɗai, ladansa na kan lokacin da ya ba ka. Akwai kuma wanda ƙofarsa a buɗe take ga kowa, kamar tela ko marini, ladansa na kan aikin da ya gama. Na farkon shi ne ma'aikaci a wurin dokar diyya. Na biyun mai zaman kansa ne, in allura ta soke shi ba zai bi mai yadi ba.

Kotun Ƙoli ta fayyace yadda ake gane su a 2008, a shari'ar kamfanin samar da masu gadi na Shena Security da kamfanin Afropak. Ta ce a duba yadda ake biya: albashi ko lada a kai a kai alamar aiki ne, kuɗin jinga ko kamasho alamar kwangila. A duba kayan aiki na wa ne. A duba ko mutum na iya turo wani a madadinsa, domin ma'aikaci ba ya aiko ƙanensa ya yi masa aiki ba tare da izini ba, amma ɗan kwangila na iya ba kowa. A duba wa ke yanke lokacin zuwa da na tashi, da kuma inda ake yin aikin. Babu ɗaya a cikinsu da ke yanke hukunci shi kaɗai. Alƙali kan haɗa su ya ga inda suka rinjaya, kuma ƙasan duka tambaya ɗaya ce: wa ke da ikon cewa yi kaza, bar kaza, tafi gida?

A ɗora wannan a kan wurin gini, inda aka fi samun munanan raunuka. Mai gida ya ba ɗan kwangila aiki. Ɗan kwangila ya ba birkila jingar ɗora bulo. Birkila ya zo da leburorinsa huɗu, shi ke nuna musu abin yi, shi ke sallamarsu da yamma. Lebura ya zame daga kan katako ya karya ƙugu. Shi dai ma'aikaci ne, babu ja. Abin tambaya, na wa? A zahiri na birkila ne, wanda shi ma da ƙyar yake ciyar da gidansa, bai kuma taɓa jin sunan NSITF ba. Shi birkilan kansa, tun da jinga ya karɓa kuma da cokalinsa da ma'auninsa ya zo, ya fi kama da mai zaman kansa. Masu rubuta dokar sun hango wannan sarƙa. Shi ya sa suka ce idan aka ba ɗan kwangila aiki, ko shi ma ya ba wani, to da mai aikin da ɗan kwangilar da na ƙasa da shi duk suna ɗauke da alhakin kuɗin da ya kamata a zuba a asusu saboda wannan aiki, kuma na sama na iya riƙe kuɗin daga abin da zai biya na ƙasa. Manufar ita ce kada babba ya ɓuya a bayan ƙarami.

A aikace kuwa wannan sarƙa ita ce ke haɗiye mutane. Ranar 1 ga Nuwamban 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya rufta, sama da mutum 40 suka rasu. Cikin abin da ya wahalar da masu ceto har da rashin cikakken jerin sunayen waɗanda suka shiga aiki a ranar. Sai 'yan uwa ne suka riƙa zuwa da hotuna suna cigiya. Mutumin da ba a rubuta shigarsa ba, ta ina iyalinsa za su fara neman kashi 90 na albashinsa? Dokar ta san shi, amma babu takardar da ta san shi.

Sai 'yan kashuwal na masana'antu, irin waɗanda ke cika ƙofofin kamfanoni a Sharaɗa da Chalawa da Bompai da safe. Wasu sun shekara biyar suna tsaye a kan inji ɗaya ana ce musu na wucin gadi. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata 3, shi ya sa wasu wurare ke sallamar mutum kafin lokacin su sake ɗaukarsa a matsayin sabo. Wannan dabara ko ta yi aiki a wani fage, ba ta aiki a fagen diyya, tun da wanda ya fara yau da wanda ya shekara ashirin duk ma'aikata ne. Wadda ta fi wuyar warwarewa ita ce ta dillalan ma'aikata. Kamfani ko banki ya ƙulla da wani ƙaramin kamfani ya kawo masa mutane. Suna sa rigar babban, suna bin umarnin manajansa, amma albashinsu ta hannun ƙaramin yake fitowa. Ranar tsautsayi kowa ya nuna ɗan uwansa.

Nan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta yi rawar gani. Gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, ya ba ta ikon sauraron duk rigimar aiki ita kaɗai, ya kuma ba ta damar duba yadda ake yi a duniya. Ta rungumi ƙa'idar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zayyana a shawararta mai lamba 198 ta shekarar 2006, wato abin da ke faruwa a ƙasa shi ake bi, ba sunan da aka rubuta a takarda ba. Idan an kira ka ɗan kwangila amma kullum ƙarfe takwas kake sa hannu, kayan aiki nasu ne, izini kake nema kafin ka je jana'iza, kotu na iya cewa ma'aikaci ne kai. Ta kuma yarda cewa mutum ɗaya na iya samun iyayen gida biyu a lokaci guda, dillali da wanda ake yi wa aikin, idan shaida ta nuna haka. Ba kullum ma'aikaci ke nasara ba, domin kotun ba ta ɗauki dillancin ma'aikata a matsayin laifi ba. Amma ƙofar a buɗe take ga wanda ya zo da hujja.

Inda na fi ganin dokar ta taɓo rayuwarmu kai tsaye shi ne batun masu koyon sana'a. Tattalin arzikin Kantin Kwari da Ƙofar Ruwa da Panteka a kan yara yake tsaye: yaron shago, yaron bakanike, yaron mai walda, yaron kafinta. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi wurin amininsa, a yi addu'a, shi ke nan an ƙulla. Ba albashi, sai kuɗin abinci da na mota da ɗinkin sallah, da alƙawarin cewa in ya kai munzali za a yaye shi da jari ko kayan aiki. Wannan tsari ya fitar da attajirai da gwanaye ba adadi, kuma zalunci ne a yi maganarsa kamar bauta. Iyayen gida da yawa sun ɗauki nauyin jinyar yaransu fiye da abin da kowace hukuma za ta yi, wasu har aure sun yi musu. Amma alherin ubangida yana tsayawa inda ƙarfinsa ya tsaya. In kasuwa ta juya masa baya, ko ya rasu magada suka raba shago, yaron da tartsatsin walda ya kashe wa ido ba shi da kowa. Nakasa kuwa takan fi ubangida tsawon rai.

Dokar ta ambaci mai koyon sana'a da sunansa, saboda haka a rubuce yana ciki. Matsalar a lissafi take. An gina asusun a kan albashi: kashi 1 na albashi ake zubawa, kashi kaza na albashi ake biya. Yaron da ba a yanka wa albashi ba, kashi 1 na me ubangidansa zai zuba, kuma kashi 90 na me za a ba shi? Wannan giɓi ne na gaske. Maganinsa ba mai wuya ba ne in an so: hukumar ta yanka ƙayyadadden kuɗi na wata ga kowane yaro, ta ɗauki mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a 2024, a matsayin ma'aunin diyyarsa. Kashi 1 na wannan naira 700 ne. Ba na jin akwai mai gareji da zai ce ya fi ƙarfinsa, in har ya tabbata ranar bukata za a biya.

Masu aikin gida ma haka. Direban gida, mai gadi, kuku, 'yar aikin da ke kwana a gidan, duk ma'aikata ne, kuma maigida ko uwargidan da ta ɗauke su mai ɗaukar aiki ce a idon doka, daidai da kamfani. Tukunyar gas ta fashe, ruwan zafi ya kwaro, ɓarayi suka sari mai gadi: duk raunin aiki ne. Mai wanki da guga da ke zagaya gidaje biyar a mako, shi kam ya fi kusa da mai zaman kansa. Togaciyar da aka yi ita ce ɗan gida. Hikimarta a fili take, ba a so a mai da aikin da 'ya ke yi wa uwarta ya zama na albashi. Amma a ƙasar da riƙo ya zama ruwan dare, wannan togaciya na iya zama mafaka. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye, dangantakar ta nesa ce ko ma babu, ba ta zuwa makaranta, ita ke shara da wanke-wanke da raino, wata dillaliya na karɓar kuɗinta duk wata: ranar da ta ƙone sai a ce ai 'yarmu ce. In 'ya ce, a yi mata abin da ake yi wa 'ya. In kuwa ana biyan wani kuɗi a kanta, to aiki take yi, kuma kiran ta 'ya ba ya sauya haka. Wadda ba ta kai shekara 12 ba ma maganar ta wuce ta diyya, domin dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta mai da ɗaukarta aikin gida laifi.

Daga nan ƙasa ta fara santsi. Ɗan adaidaita sahu da ke kai balas kullum ma'aikacin mai mashin ne? Kuɗin daga direba suke tafiya zuwa mai mashin, ba daga mai mashin zuwa direba ba, shi ya sa abin ya fi kama da haya. Wanda ya karɓa bisa sharaɗin biya a hankali har ya mallaka ya ma fi nisa, ciniki ne tsakaninsu. Amma inda mai mashin ke yanke lokacin fita da na dawowa, ya hana a ba wani tuƙi, ya karɓe makulli duk ranar da ya ga dama, akwai abin faɗa a gaban alƙali. Direban tirela mai albashin wata ma'aikaci ne kai tsaye. Yaron motarsa, wanda shi direban ya ɗauka amma mai mota ya san da shi kuma yana amfana da guminsa, yana tsakiya. Ɗan dako a Dawanau ko Singa da ke ɗaukar buhun duk wanda ya kira shi mai zaman kansa ne. Wanda kuwa ya shekara yana lodi a sito ɗaya, ba ya zuwa ko'ina sai da izinin mai sito, biyansa buhu-buhu ba ya hana shi zama ma'aikaci.

Direbobin manhaja su ne sabon salon wannan tsohuwar rigima. Wasu direbobi sun kai Uber da Taxify, wanda yanzu ake kira Bolt, Kotun Ma'aikata a Legas suna neman a ayyana su ma'aikata. A Disambar 2018 kotun ta kori ƙarar saboda ba su kawo isassun hujjoji ba, amma ba ta ce har abada ba za su zama ma'aikata ba. A Birtaniya kuwa, a Fabrairun 2021, Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa direbobin Uber ba masu zaman kansu ba ne, tun da kamfanin ke yanka kuɗin tafiya, shi ke rubuta sharuɗɗa, shi ke hukunta wanda ya yawaita ƙin ɗaukar fasinja. Hukuncin can ba ya ɗaure alƙalin nan, amma tambayar da aka yi ita ce dai waccan: wa ke da iko?

Duk faɗin ma'anar nan, akwai ɗimbin jama'ar da ba ta kai gare su ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2024 sun nuna sama da kashi 80 cikin 100 na masu aiki a Najeriya kansu suke yi wa aiki, kuma sama da kashi 90 suna harkokin da ba su da rajista. Manomin da ke fesa maganin ƙwari ba safar hannu, mai faci, mai yankan farce, mai tura baro, mai haƙar ma'adinai da ke shiga rami da kansa, matar da ke suyar ƙosai a gaban tafasasshen mai: babu wanda ya ɗauke su aiki, saboda haka babu wanda zai zuba musu kashi 1. Ba wayon wani ne ya fitar da su ba, ginin dokar ne bai da ɗakinsu. An aro tsarin daga ƙasashen da yawancin mutane ke karɓar albashi, aka kawo shi inda mai albashi bai kai mutum 1 cikin 5 ba. A fagen fansho an gane haka, har aka ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na masu zaman kansu a 2019. Diyyar rauni ta fi fansho gaggawa ga mai aikin ƙarfi, domin tsufa na ba da sanarwa, hatsari ba ya bayarwa. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa da na masu sana'ar hannu suna karɓar kuɗin tikiti kullum, suna da rajistar mambobinsu, sun san wanda ya fito da wanda bai fito ba. Hanyar karɓar kuɗin tana nan a shimfiɗe. Abin da ya rage shi ne a ba mai zaman kansa damar shiga da ƙafarsa, a kuma nuna masa a aikace cewa asusun na biya, domin babu ɗan kasuwar da zai zuba kuɗi inda bai taɓa ganin an fitar ba.

Shi kuma wanda ya cika sharaɗin zama ma'aikaci, da sauran tsalle a gabansa. Dole raunin ya kasance ta dalilin aiki ko a cikin aiki. Nan ma dokar ta saki hannu. Hatsarin da ya same ka a hanya tsakanin wurin aiki da gida, ko inda ka saba cin abinci, ko inda kake karɓar albashi, yana ciki, muddin ubangida ya san da wurin tun farko. Cutar da ta taru a hankali tana ciki, kamar ciwon huhu na mai fasa dutse ko ciwon fata na mai jima da sinadarai, haka kurumtar da ƙarar inji ke jawowa, har da taɓuwar hankali da wani mummunan abu a wurin aiki ya haifar. Babban shingen shi ne rajista. Neman diyya ta hannun ubangida yake bi, da rahotonsa da takardun albashinsa. In bai taɓa yin rajista ba, ya karya doka kuma akwai hukunci a kansa, amma wanda ke kwance a gadon asibiti shi ke fara ɗanɗana kuɗar, sau da yawa sai ya dangana da lauya da kotu kafin ya ga ko kwabo.

Lokaci ma yana gudu. Wanda ya ji rauni, ko iyalinsa, zai sanar da ubangida cikin kwana 14. Ubangida zai kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, in mutuwa ce nan take. Takardar neman diyya kuma a shigar da ita cikin shekara 1. Bayan haka sai da uzuri mai ƙarfi, shi ma bai wuce shekara 3 ba. In hukumar ta ƙi biya, akwai kwana 180 na neman ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata. Yawancin mutanenmu a wannan shekara ta farko suke rasa haƙƙinsu, suna jiran alƙawarin da aka yi musu a bakin gadon asibiti, suna jin nauyin a ce sun kai ƙarar wanda suka ci abincinsa. Alhali neman diyya daga asusun ba ƙarar ubangida ba ne, in ya yi rajista ko sisinsa ba za a taɓa ba.

Tun da yarjejeniyar baka ta isa, abin da ake bukata shi ne abin da zai tabbatar da ita. Saƙon banki da ke nuna kuɗi na shigowa daga hannu ɗaya duk mako hujja ne. Saƙon WhatsApp da aka ce gobe ka zo ƙarfe bakwai hujja ne. Haka rigar aiki, da littafin sa hannu na bakin ƙofa, da abokan aiki biyu da za su ce tare muke. Wanda ya raka majinyaci asibiti kuma ya tabbata an rubuta a katinsa inda abin ya faru da abin da yake yi a lokacin, domin wannan layi ɗaya na ranar farko ya fi shaidar da za a nemo bayan wata shida, lokacin da abokan aikin suka watse ko suka ji tsoron rasa nasu abincin.